Jama'a ta taru, ko jama'a sun taru?

Ƴan uwa, tambayar nan ta nahawu ce, amma ta hana ni barci. Bahaushe yana cewa "jama'a ta taru", yana kuma cewa "jama'a sun taru". Ta farko ta ɗauke mu abu guda, ta biyu ta ƙirga mu ɗai-ɗai. To, yaushe "sun" ke komawa "ta"?

Ashe masana ƙwayoyin zarra ma tambayar ta same su. A cibiyar CERN, kan iyakar Suwis da Faransa, akwai ramin zobe mai kilomita 27 ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara ƙwayoyi da junansu. An riga an sani, in aka gwara manyan ƙwayoyi irin na zinariya, ɓurɓushin da ke fita yana malala tare kamar ruwa. Firoton kuwa ɗan mitsitsi ne, an zaci karonsa tartsatsi kawai zai bayar, kowa ya yi ta kansa. Sai ga shi a Satumban 2010, ayarin bincike na CMS ya bayyana cewa a karon da ya fi yawan ɓurɓushi, ƙwayoyin da suka yi nisa da juna sun karkata gefe guda. Masana suka rabu. Wasu suka ce turereniya ƙwayoyin suka yi har suka zama ɗigon ruwa. Wasu suka ce a'a, tun daga tushe aka saita su haka.

Mu a Gabi mun san bambancin nan. Tumaki ɗari da aka kora daga garke guda za su nufi hanya guda, alhali ba shawara suka yi ba. Amma ƴan gayya biyar a gonar hatsi, in ɗaya ya gaza, na kusa da shi ya rage sauri ko ya kama masa. Tumakin "sun" tafi ne, gayyar kuwa "ta" yi aiki. Ke nan yawa ba ya maida mutane jama'a, sai motsin wani ya canza na wani.

Nan ne abin ya shafe mu. Ran da muka fita yajin karatu, ko muka tura saƙo guda a WhatsApp, ko muka taru kan zagin mutum guda, muna cewa kanmu haɗe yake. Kai dai tambayi kanka: wa na saurara har na canza ra'ayi, wa kuma ya saurare ni? In babu, ƙofa guda kawai aka buɗe mana. Kuma ran da abin ya ɓaci, kada wani ya ce "jama'a ce ta yi". Mu ne muka yi, ɗai-ɗai, kowa da sunansa.