Ginin Gidan Haya Da Tanadin Gobe

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai ga kangaye: gini ya kai tsayin taga ya tsaya, awaki na kwana ciki, mai shi kuwa yana ɓuya ga masu binsa bashi. Sayen fili da gina gidan haya halal ne. Abin da ke kada mu shi ne mu lissafa kuɗin da za su shigo, mu manta da waɗanda za su fita.

A cikin Suratu Yusufa, aya ta 47 zuwa 49, Annabi Yusufa (A.S.) ya umurci mutanen Masar su ajiye hatsin shekara bakwai na yalwa cikin zangarniyarsa, domin shekara bakwai na tsanani. Kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa, sannan ya dogara ga Allah. Ashe tanadi ba ya kore tawakkali.

Mun ga sauyin lamura da idonmu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan ginin da ake shigowa da su suka yi tsada dare ɗaya. A 2020 kogin Isa ya cika ya shafe gidaje a Yamai. A 2023 rufe iyakoki ya tsayar da kaya bisa hanya. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, har tsohon masallacin birnin Damagaram ya faɗi. Wanda bai bar komi a gefe ba, ranar irin wannan ina zai dosa?

Saboda haka muke yi wa kanmu nasiha da abubuwa huɗu.

Na farko, fili. Kafin mu biya, mu tabbatar da mai shi, da iyakokinsa, da takardunsa a ma'aikatar magajin gari, domin fili guda akan sayar wa mutum biyu. Mu je mu gan shi da damina, mu tambayi dattawan wurin ko hanyar ruwa ce. Arahar fadama tsada ce. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito azabar wanda ya ci ko da taki guda na ƙasar wani.

Na biyu, lissafi. Bayan bulo da siminti da kwano akwai ladan magina, da haƙa masai, da jawo ruwa da lantarki, da harajin gida. Bayan an gama kuma akwai yabe, da gyaran rufi da indararo kafin kowace damina. Ɗaki yakan yi watanni babu mai haya, mai haya yakan rasa aiki. Wanda ke karɓar jika 40 a wata, kada ya ɗauka jika 480 na shekara duk nasa ne. Ya ware hayar wata biyu domin gidan. Ɗaki biyu da aka rufe sun fi shida da ke kango. Kuma kada mu zuba abincin iyali cikin harsashi, domin ciyar da su wajibi ne, ginin haya ba wajibi ba ne.

Na uku, bashi. Wasu masu faɗawa bashin ruwa, gini ne ya tsaya musu a tsakiya. Riba haramun ce, ko da rufi kaɗai ya rage. In mun ci bashi na halal, mu rubuta shi da ajalinsa da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Haka ma haya: a san kuɗinta da wa'adinta tun farko, kada mu huce rashin tanadinmu a kan ɗan haya da ƙarin kuɗi ba sanarwa.

Na huɗu, haƙƙin Allah da na magada. Gidan haya kansa babu zakka a kansa, sai kuɗin hayar in sun kai nisabi, shekara ta zagayo musu. Wanda ya sayi fili da niyyar ciniki yana jiran tashin farashi, a mazhabar Maliku zakkar shekara guda zai fitar ranar da ya sayar. Sannan mu tuna gidan zai zama gado. Mu bayyana wa iyali takardunsa da bashin da ke kansa tun muna da rai, kada ƴaƴanmu su yanke zumunci a gaban alƙali.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga nauyin bashi, Ya gina mana gida a Aljanna. Amin.