Tsufa Ba La'ana Ba Ne



A shekarar 2021 marigayi Paparoma Fransis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin tunawa da kakanni da tsofaffi, kusa da idin tsarkaka Yowakim da Anna, iyayen Budurwa Maryamu. Ya dace mu tsaya mu tambayi kanmu: mene ne tsufa, kuma yaya muke riƙon waɗanda ya cim musu?

Mai zabura ya ƙiyasta kwanakin ɗan Adam da shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Masana ma sun tarar akwai iyaka a cikin jiki kansa. A 1961 Leonard Hayflick na ƙasar Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin halittar jikin mutum, idan an rene su a ɗakin bincike, sukan rabu kamar sau 50, sa'an nan su tsaya. Daga baya aka gano dalili: a bakin kowane zaren gado akwai wani ɗan murfi da ake kira telomiya, wanda yake gajercewa duk lokacin da ƙwayar ta rabu. Mutum uku da suka bayyana yadda wannan murfi yake aiki sun sami lambar yabo ta Nobel a 2009. Tun a 1956 kuma Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa jiki yana lalacewa sannu a hankali saboda ɓarnar da ke biyo bayan amfani da iskar da muke shaƙa, kamar yadda tsatsa take cin fartanya. Yau masana sun fi yarda cewa tsufa ba shi da tushe guda ɗaya. Abubuwa da yawa ne suke haɗuwa.

Ku lura da wani abin mamaki. Ƙwayoyin da suka ƙi tsayawa, suna ta rabuwa ba iyaka, su ne ƙwayoyin ciwon daji. Ashe iyakar da muke kuka da ita tana cikin abin da yake tsaron ranmu. Ko wadda ta fi kowa daɗewa a cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu, Jeanne Calment ta ƙasar Faransa, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Saboda haka kada kowa ya ruɗe ku da maganin hana tsufa a tasha ko a kasuwa.

Amma Ikkilisiya ba ta gāba da bincike. Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita, gama Ubangiji ne ya ba shi saninsa. 'Ya'yan Ikkilisiya ma sun ba da kansu ga wannan aiki. Daga 1986 David Snowdon ya soma nazarin tsofaffin sistoci na ƙungiyar Notre Dame a Amurka, har sista 678 suka yarda a riƙa gwada tunaninsu kowace shekara, a kuma duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa. An tarar waɗansu ƙwaƙwalwarsu cike take da alamun cutar mantuwa, wadda likita Alois Alzheimer na Jamus ya bayyana a 1906, amma sun rayu da hankalinsu garau. An kuma ga cewa waɗanda ƙananan jijiyoyin jini suka toshe musu a ƙwaƙwalwa sun fi nuna alamun cutar. Darasin a fili yake: kula da hawan jini kula da hankali ne. A kai tsofaffinmu asibiti a auna jininsu da sukarinsu, a rage musu gishiri, kada a bar su zaune su kaɗai ba mai yi musu magana.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. A garuruwanmu, idan tsohuwa ta soma mance sunayen jikokinta, tana fita da dare ba ta san hanyar gida ba, tana faɗin abin da ba shi da kai, sai a ce mayya ce. Waɗansu an kore su daga gidajen da suka gina da guminsu, waɗansu an duke su, har akwai waɗanda aka kashe. Kaito! Wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kamar yadda yanar ido cuta ce ta ido. Mutane fiye da miliyan 55 suke fama da mantuwar tsufa a duniya, har a ƙasashen da ba a zancen maita. Har yanzu babu maganin da yake warkar da ita. Wanda aka amince da shi a Amurka a 2023 yana rage saurinta ne kawai. Duk Kiristan da ya ɗaga hannu a kan irin wannan uwa ya karya doka ta huɗu, zai kuwa ba da lissafi a gaban Allah.

Ku tuna da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu. Cutar Parkinson ta sa hannunsa rawa, ta nauyaya harshensa, duk da haka bai ɓuya ba har ya rasu a 2005. Ya koya mana cewa darajar mutum ba a ƙarfinsa take ba, a kamannin Allah take, wadda tsufa ba ya gogewa.

Don haka ina roƙon katikis da Zumuntar Mata da matasa na kowane faris su san gidajen tsofaffin da ba sa iya zuwa coci, su ziyarce su, su sanar da Fada domin a kai musu Jibi Mai Tsarki da Shafewar Marasa Lafiya. Wanda ya mance da sunanka, Allah bai mance da nasa ba. Abin da muka shuka a gaban 'ya'yanmu, shi za mu girba ran da namu ƙarfin ya ƙare.

Bari Allah Mai Iko Dukka ya ba tsofaffinmu salama, ya ba masu bincike hikima, ya ba mu zuciyar jinƙai, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.