Ɗanɗano Ma Sha Ne: Nasiha Kan Baƙar Giyar Gangar Katako

  

Nasihar wannan Juma'a ta taso ne daga tambayar da wasu matasanmu masu aiki a otal-otal da manyan kantunan Ikeja da Lekki suka kawo wa Malam Liman. Sun ce akwai wata baƙar giya mai tsada da ake shigowa da ita daga Turai. Idan ta iso sai manaja ya tara ma'aikata, a zuba wa kowa ɗan kaɗan a gindin kofi, a ce ya ɗanɗana don ya iya yi wa kwastoma bayaninta. Suka ce, "Malam, ai ba sha muke yi ba, aiki ne, kuma kurɓi ɗaya ba ya bugarwa." Malam ya ba da amsa a majalisin bayan isha'i, ya ce in rubuta domin iyaye su ma su gani.

Mu fara da sanin abin, tunda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ana jiƙa sha'ir har ya tsiro, kamar yadda masu burkutu ke yi da dawa, sannan a busar da shi. A garin Bamberg na ƙasar Jamus a kan wutar itace suke busarwa, hayaƙi ya ratsa hatsin, shi ya sa giyarsu take ƙamshi kamar kifin banda. Ana gasa wani ɓangaren hatsin har ya yi duhu, daga nan launin ya samo. Sai a niƙa, a dafa, a tace, a zuba yis, a ajiye cikin sanyi na makonni. Yis ɗin nan shi ke cinye zaƙin hatsin ya mayar da shi barasa, kuma gwargwadon yawan hatsi gwargwadon ƙarfinta. Bayan haka sai a juye ta cikin gangar katako, sau da yawa wadda aka taɓa ajiye wiski a cikinta, ta yi watanni ko shekara. Katakon nan ya riga ya sha wiski, to a hankali yake mayar da shi cikin giyar.

Ku 'yan kasuwa ne, ga lissafi. Giyar da aka saba gani a nan, kwalba mai santilita 60, barasar cikinta wajen kashi 5 ne cikin 100, wato santilita 3. Irin wannan ta gangar katako takan kai kashi 8 zuwa 12, wata ma ta wuce. Idan mai kashi 12 ce, ƙaramar kwalba mai santilita 33 tana ɗauke da kusan santilita 4 na barasa. Ka ga ƙaramar ta fi babbar. Kuma zaƙi da ƙamshin hayaƙi suna ɓoye zafin barasar, mutum ba ya jin ƙarfinta a harshe sai ta hau masa kai.

Abin lura, masu tallarta ba sa cewa zo ka bugu. Cewa suke za ka ji hayaƙi, za ka ji gahawa, cakulan, zuma, busasshen dabino. Duk abin da suka lissafa halal ne, wanda yake haram ɗin shi kaɗai suka tsallake. Annabi (SAW) ya riga ya ba da labari, a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna sauya mata suna. Yau sunan da aka sa mata shi ne ɗanɗano, ko horon ma'aikata.

Allah ya saukar da hukuncin giya mataki-mataki: a Suratul Baƙara aya ta 219, sai Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan ya rufe ƙofar a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Malamai sun ja hankali cewa umarnin da ke cikin Ma'ida na nisanta ne, kuma nisanta ya fi hanin sha faɗi. Wanda aka ce ya nisanci rijiya, ba zai zauna a bakinta yana lilo da ƙafa ya ce ai bai faɗa ba.

Wani zai ce ai giyar Larabawa ta inabi ce da dabino, wannan kuwa ta hatsi ce. To, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da aka aika Abu Musal Ash'ari Yaman, ya yi tambaya kan abin sha iri biyu na can, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir. Annabi (SAW) bai tsaya kan abin da aka yi su da shi ba, bugarwa ya ɗaura wa hukuncin. Ko maganar mazubin katako ma tsohuwa ce. Ya hana tawagar Abdul Ƙais jiƙa abin sha a wasu mazubai huɗu, ciki har da gungumen dabino da aka fafe, saboda abin sha na saurin yin ƙarfi a cikinsu. Daga baya aka sassauta kan mazubai, amma hanin abin da ke bugarwa yana nan daram.

Sai maganar kurɓi ɗaya. Hadisin Jabir da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo ya yanke ta: ma'aunin shi ne ko mai yawan abin yana bugarwa. Idan yana yi, to kaɗan ɗinsa ma hukuncinsu ɗaya. Ba a auna haram da cokali.

Wani matashi ya ce, to idan na ɗanɗana na tofar fa, kamar mai azumi da ke ɗanɗana gishirin miya? Malam ya ce kwatancen bai yi ba. Miya halal ce a kanta, lokaci ne ya hana shan ta, da magariba ta yi shi ke nan. Giya kuwa babu magaribar da za ta halatta ta, kuma a wurin mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, najasa ce. Wa zai sa najasa a bakinsa da gangan, sannan ya buɗe bakin nan ya karanta Fatiha? Ban da haka, masu ɗanɗanon giyar hatsi haɗiyewa suke yi, domin sun ce sai ta wuce maƙogwaro ake sanin ɗacinta.

Akwai kuma abin da muke ji a unguwa, wai baƙar giya tana ƙara jini, har a haɗa ta da madara a ba mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo. Iyayenmu mata, ku yi hattara. Da wani sahabi ya ce don magani yake haɗa ta, amsar da ya samu, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ita ce giyar kanta cuta ce. Mai ƙarancin jini ya je asibiti a auna shi, ya ci hanta da wake da ganye. Haka idan an miƙo maka baƙin abin sha a biki ko wurin aiki, kada ka dogara da launi. Lemon malt da baƙar giya kama suke a kofi. Karanta jikin kwalbar tukuna, adadin barasar a rubuce yake.

Yanzu ga magana mai nauyi. Malam bai ɓoye wa matasan ba cewa matsalar ba ta tsaya kan ɗanɗano ba. Hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum goma da la'ana ta hau kansu game da giya, ciki akwai mai ɗaukar ta, mai zuba ta da mai sayar da ita. Saboda haka wanda aikinsa miƙa giya ne, ya fara neman mafita tun yau. Mun san haya a Legas ba wasa ba ce, ga kuma iyaye a gida suna jiran aike. Ba mu ce kowa ya ajiye aiki gobe ya zauna da yunwa ba. Amma kofin ɗanɗano kam a daina karɓa daga yau. Ka sami manaja shi kaɗai, cikin ladabi, ka ce addininka ya hana ka, ka roƙi a mayar da kai wanki, ko gyaran ɗakuna, ko gadi. Kada ka fake da cewa kana da ulsa, gobe za a ce ka warke. Faɗi gaskiya sau ɗaya ka huta. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa, ba abin kunya ba ne ka faɗe shi.

Alhazanmu na Mile 12 da Agege, a nan naku nauyin yake. Wa'azi ba ya biyan kuɗin haya. Yaron da ya bar aiki don tsoron Allah, idan ya zo shagonku kada ya koma hannu rabbana. Wanda ke da gurbin yaron shago, ko direba, ko mai rubuta kaya, ya sanar da ofishin masallaci bayan salla, mu za mu haɗa ku.

Wanda kuma ya riga ya ɗanɗana, ko ma ya wuce ɗanɗano, ƙofar tuba a buɗe take. Ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, ya rufa wa kansa asiri. Mu kuma kada mu mayar da shi abin nuni a bakin masallaci. Bukhari ya kawo labarin mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ɗan da aka kora daga sahu, mashaya ce za ta karɓe shi.

Allah ya tsare mana bakunanmu da cikkunanmu daga haram, ya shirya mana zuri'a, ya buɗa wa matasanmu hanyar abinci ta halal a wannan baƙunta. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci