Yawon Gidajen Burkutu: Magana ga Mai Bi

Ya ɗan'uwana mai bin Yesu, kai da aiki ya kawo ka Gulma ko Argungu, kana koyar da yara ko kuwa kana duba marasa lafiya, ga magana a gare ka.

Wata ya ƙare, albashi ya shiga hannu. Sai abokanka suka zo suka ce, “Ran Asabar mu tafi ƙasar Zuru mu kwana. Ba buguwa za mu yi ba, ɗanɗanawa ce kaɗai, mu ga gidan da ya fi iya dahuwa.” Gama tun shekara ta 2000, sa'ad da Jihar Kebbi ta kafa shari'ar Musulunci, sayar da giya ya zama laifi a garuruwan nan na bakin gulbi, mai nema kuwa yakan yi tafiya. Suka lissafta maka hanya: Birnin Kebbi, Jega, Koko, Mahuta, har Dabai. Mai ilmin cikinsu ya ƙara da cewa a Amurka da Ingila ma mutanen kirki sukan zaga ƙananan gidajen dafa giya suna ɗanɗanawa, ba mai ganin laifinsu.

Dawa kyautar Allah ce, matan da ke dafa burkutu kuwa ba a raina gwanintarsu. Sukan jiƙa dawa, su shimfiɗa ta har ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami, su sake dafawa, kana su zuba mata ragowar tsohuwar giya ta kwana tana tashi. Aikin kwanaki ne. Amma duba abin da ya haifar: hatsin da zai ƙosar da yara da tuwo ya koma abin kwashe hankalin ubansu. Ƙwarya ɗaya a gida na fari, ɗaya a na biyu. Wane ne ya taɓa zaga gida biyar ya fito da lissafinsa daidai? Bayan haka kuma ɗayanku ne zai riƙe mota. Ka tuna da Nuhu cikin Farawa sura 9. Ruwan tufana bai ci shi ba, amma ruwan inabin gonarsa ya kwantar da shi tsirara cikin alfarwa, har ɗansa ya gani.

Za su ce maka, ai Ubangiji ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana. Gaskiya ne, yana cikin Yohanna sura 2, ba na ɓoye maka. Sai ka buɗe Romawa sura 14, inda manzo Bulus ya koyar da barin abin da ya halatta idan zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ƙaramin cikinku, wanda aka yi wa baftisma bara, ƙafarka yake bi.

Ga kuma maƙwabtanka a Gulma, Kabawa manoman shinkafa da masunta, waɗanda addininsu ya hana su giya. Yawancinsu ba za su buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Halinka suke karantawa. In ka komo ran Litinin idanunka jawur, ba za su ce malamin makaranta ya sha ba. Cewa za su yi, haka masu bin Almasihu suke, gama wataƙila kai kaɗai suka sani. Ran Lahadi kuma, inda masu sujada ba su da yawa, wurin zaman mutum ɗaya ba ya ɓoyuwa.

In marmarin Zuru kake yi, tafi. Akwai ekklisiya a can, za su karɓe ka da murna. Amma ka fara ba matarka kuɗin hatsi da na makarantar yara. Abokanka kuwa ka ba su amsa tun ran Alhamis, da sanyin murya, tun mota ba ta tsaya a ƙofar gidanka ba.