Tauye Mudu a Filin Ƙwallo

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu hankali, tun kafin a san ƙwallo a duniya. Ita ce, abin da doka ba ta hana ba duk ya halatta ke nan? Na ga ya kyautu mu auna ta da wasan ƙwallon ƙafa, domin a can ne ake aikata abin a fili, dubban mutane suna kallo.

Cikin shekarar 1982, a gasar Kofin Duniya da aka yi a ƙasar Sifen, Aljeriya ta ba duniya mamaki, ta ci Jamus ta Yamma 2 da 1. Ta gama wasanninta na rukuni ran 24 ga Yuni. Kashegari Jamus ta Yamma da Ostiriya suka kara a garin Gijon, kowa kuwa ya riga ya yi lissafinsa: in Jamus ta ci da ɗaya ko biyu, dukansu sun wuce, Aljeriya ta koma gida. Minti 10 da farawa, Hrubesch ya jefa wa Jamus ƙwallo a raga. Daga nan fa wasa ya mutu. Sauran lokacin sai suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili, 'yan kallo suna ihu, waɗansu suna ɗaga takardun kuɗi, watau an sayar da wasa. Aljeriya ta kai ƙara, hukumar FIFA ta ce ba a karya doka ba. Gaskiya kuwa ta faɗa. Amma tun daga 1986 wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci ɗaya ake yin su. Wanda ya tashi ya toshe kafar katanga, ai ya yarda an shiga masa gida.

To, mene ne aka sace a ranar, tun da ba a karya doka ba? Ni a ganina lokaci aka sace. Mutumin da ya biya kuɗin shiga, minti 90 na wasa ya saya, 'yan wasan nan kuwa ƙwallo ce sana'arsu, da ita suke ci. In aka cire jinkirin jifa, da na bugun gida, da kwanciyar ƙarya, sau da yawa ƙwallo ba ta cika minti 60 tana gudana. Da mai awon hatsi ne ya yi haka a kasuwa, ya karɓi kuɗin mudu uku ya auna biyu, da kowa ya san sunansa, tun muna makarantar allo aka karantar da mu makomarsa. Mu ma'aikatan ofis kada mu yi dariya, gama wanda ya bar talaka zaune a bakin ƙofa tun hantsi, sa'an nan ya ce masa ya komo gobe, ɗan'uwan mai awon nan ne.

Amma a yi wa masu abin adalci. Za su ce, ƙungiya ƙarama mai ƙaramar jaka, in ta sami sa'a ta ci babba, da me za ta kare kanta in ba da dabara ba? Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai dabara iri biyu ce. Wanda ya kai ƙwallo kusurwa ya tare ta da jikinsa, ya ce in kun isa ku karɓa, har yanzu wasa yake yi, abokin karawarsa yana da hanyar ƙwacewa. Wanda ya faɗi yana birgima alhali ba abin da ya same shi, ya fitar da ƙwallo daga wasa ta hanyar ƙarya, ya mai da tausayin alƙali makaminsa. Mugun abin kuma, ran da wani ya karye da gaske, sai a yi masa ihu ya tashi.

Masu dokar wasa sun yi ta ƙoƙari. Bayan gasar 1990 a Italiya, inda aka ci ƙwallo 115 kaɗai cikin wasa 52, sai a 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Wannan ta yi magani ƙwarai. A Katar cikin 2022 aka umarci alƙalai su biya duk lokacin da ya salwanta, har wasan Ingila da Iran ya sami ƙarin wajen minti 27. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta 2025. A da mai tsaron gida daƙiƙa 6 gare shi ya riƙe ƙwallo, in ya wuce a ba abokan karawa bugu a cikin da'irarsa. Hukuncin ya yi wa laifin nauyi, saboda haka alƙalai suka riƙa kau da kai, doka ta zama ta takarda. Yanzu an ba shi daƙiƙa 8, alƙali yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsunsa a gaban kowa, in ya wuce bugun kusurwa ne kawai. An sassauta horon ne don a sami mai zartar da shi.

Duk da haka ban ga dokar da za ta shiga ƙafar mutum ta gane ko tana ciwo ba. Mu 'yan kallo kuma muna da namu alhakin. Na zauna cikin jama'a muna kallon wasa, mai tsaron gidan abokan karawa ya kwanta kan ƙwallo, muka yi ta tsine masa. Da namu suka koma gaba, saura minti 5 a tashi, namu mai tsaron gidan ya yi irin kwanciyar nan, har ya tsaya ɗaurin igiyar takalmi. Muka tashi tsaye muna tafi, muna cewa yaron nan akwai basira. Ni ma na tafa.