Hanyar Tarayya Tsakanin Hukumomi Biyu: Wa Ke Da Nauyin Gyaranta?

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar a shekarar 2004, aka raba ƙasar zuwa komin 265, kowace da iyakarta da asusunta. A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisunsu an naɗa wakilan gwamnati, amma iyakokin da asusun suna nan. Babbar hanya irin wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram, nauyinta na kan gwamnatin ƙasa. Zancenmu a yau ya shafi ƙaramar hanya wadda ta ratsa komin biyu maƙwabta, ta lalace, kowane ɓangare yana jiran ɗan'uwansa ya fara zuba kuɗi. Mutanenmu sun ce jakin gayya yunwa ke kashe shi. To, idan an tashi gyara, da wane ma'auni za a raba kuɗin?

Abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne kowa ya gyara abin da ke cikin iyakarsa. A ido wannan rabo ya yi kama da adalci. Amma mu buga misali. Ga hanya mai tsawon kilomita 30. Kilomita 20 suna cikin komin ƙauye wadda ba ta da kasuwa, kilomita 10 suna cikin komin mai babbar kasuwa da tasha. Manyan motoci masu ɗaukar albasa ko wake ko dabbobi suna bin hanyar duka, amma kuɗin kasuwa da na tasha asusu ɗaya suke shiga. Idan aka raba da tsawo, matalauciyar za ta biya kashi biyu cikin uku, alhali rabonta ƙura da ramuka, mai kasuwa kuwa ta biya kashi ɗaya ta kwashe riba.

Kada kuma mu ɗauka amalanken manomi ne ke cinye kwalta. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan jerin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya tana ƙaruwa kusan sau 16. Saboda haka ne ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade nauyin kayan manyan motoci a dokarta mai lamba 14 ta shekarar 2005. Ashe wanda ya fi cin moriyar hanya sau da yawa shi ne ya fi lalata ta.

Malaman fiƙihu sun daɗe da aza ƙa'ida a kan irin wannan, cewa ɗaukar hasara yana tafiya tare da cin amfani. A littafin Majalla, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kammala a 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, an yi bayanin gyaran lungu mai baki ɗaya wanda gidaje suka yi tarayya a cikinsa. Dukkansu za su haɗa kuɗin gyara daga bakin lungun har zuwa gidan farko. Daga nan mai gidan farko ya fita, sauran su ci gaba, har a kai ga na ƙarshe, wanda zai biya a kowane yanki domin shi ne ke taka lungun duka. Abin da aka duba a nan shi ne wanda ke bi, ba wanda ƙasar ke gaban ƙofarsa kaɗai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Mukhtasar na Shaihu Halilu ya nuna cewa abokin tarayya a abin da ba ya rabuwa, idan ya ƙi gyara, alƙali yana tilasta masa ya gyara ko ya sayar da rabonsa. Waɗannan hukunce-hukunce sun zo ne a kan dukiyar ɗaiɗaikun mutane, hanyar jama'a kuwa nauyinta na kan baitulmali. Sai dai idan baitulmalin ya kasu gida biyu, hikimar da ke cikinsu ita ce za ta haskaka mana rabon.

Wani zai ce: ai komin ƙauyen ma tana amfana. Gaskiya ne. Ta wannan hanya ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ta nan taki ke shigowa, ta nan hatsin manomi ke samun mai saye. Don haka bai halatta ta naɗe hannu tana cewa ba ta da kuɗi ba. Idan asusunta bai kai ba, tana da tsakuwa da yashi da ƙarfin samarinta na gayya, a ƙiyasta su da kuɗi a rubuta mata. Wani kuma zai ce amfani ba ya aunuwa kamar tsawo. Amsa ita ce ana iya kusantar sa. A zaunar da mutum biyu amintattu, ɗaya daga kowane ɓangare, su ƙidaya motocin da ke wucewa ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, a kuma buɗe littafin kuɗin shiga na kowace hukuma. Wanda ya ƙi buɗe littafinsa ya riga ya faɗi abin da ke ciki.

Idan an daidaita, to a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Shugabanni suna canjawa, kamar yadda muka gani, kuma alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi. A rubuta rabon kowa, da lokacin biya, da sunan ɗan kwangila, da wanda zai kula da magudanun ruwa bayan damina, a manna takardar inda jama'a za su gani. Kuɗin nan harajin talakawa ne, amana ce a wuyan wanda ya riƙe su.

Mu ma da muke zaune a sahun masallaci muna da rabonmu. Ɗan kasuwar da ke lafta wa mota kayan da ya wuce ƙima, da mai ɓoye kuɗin kasuwa, da mai zuba shara a magudana, duk suna cikin masu haƙa ramin da gobe zai kifar da mota. Ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma wasiyya da maƙwabci sananniya ce ga kowa. Maƙwabtaka ba ta tsaya a katangar gida ba, ta haɗa da garin da ke gaba da namu. Mai ƙarfi ya ɗauki fiye da rabonsa idan ya iya, wannan ihsani ne. Amma ya ɗauki gwargwadon abin da ya ci, wannan wajibi ne.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya kiyaye matafiyanmu. Wallahu a'alamu.