Fitilar Ƙofar Gida

Wanda ya taso daga Kano da dare ya bi hanyar Zariya cikin watan Maulidi, in ya iso wajen Kura zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba. Ƙananan ƙwayayen lantarki ne, kore da ja da fari, an jera su bisa waya kamar carbi, an zagaye zaure da su, suna ƙiftawa. Yara na tsalle a gindinsu, manya na wucewa suna cewa madalla.

Ba hukuncin bikin na ke so mu duba ba, wannan fagen malamai ne. Tambayata ƙarama ce: mutumin da ya ƙawata ƙofar gidansa da wuta, kyauta ya yi wa jama'a, ko kuwa fahariya ya yi musu?

Ado dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun dā magina na yin zane a fuskar zaure, su ɗora zankwaye bisa soro. In Salla ta matso a yi shafe, a share ƙofar gida, a yayyafa ruwa. Da dare a kunna aci-balbal da man gyaɗa, daga baya fitilar ƙwai ta zo da kananzir. Wayar ce kaɗai sabuwa. A shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison, wai shi Edward Johnson, ya rataya ƙwan lantarki 80 a itacen Kirsimeti cikin gidansa a birnin New York na Amurka, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Mutanen Masar na rataya fitilu da azumi, Turkawa na miƙa su tsakanin hasumiyoyin masallaci, Indiyawa kuwa suna da biki sukutum na fitilu. Ashe ɗan Adam ko'ina ya ke, in murna ta cika masa zuciya sai ya nemi abin kunnawa.

To, amma duba wani abin mamaki. Mai gida in ya gama rataya wutar, ciki ya ke shiga. Bango ya raba shi da ita. Matarsa ma ba ta ganinta sai ta leƙo. Duk hasken na mai wucewa ne. Abin da ka yi domin idon wani kuwa, ɗayan biyu ne: ko kana so ya ga hanya, ko kana so ya gan ka. Wahalar ita ce waya guda ce, ƙwai guda, launi guda. Daga waje ba mai iya rarrabewa.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin sha'anin rabo, gama ruwa ya koya musu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babbar magudana ya rarrabu cikin gonakin Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure. Da shi a ke noman shinkafa, da rani kuma alkama da tumatir da albasa. Kowane manomi ya san in na sama ya tare ruwa fiye da kima, na ƙasa zai kwana yana kallon shukarsa tana yaushi. Ba a bukatar alƙali ya gaya masa an cuce shi.

Haske ba haka ya ke ba, in ji mutane. In maƙwabci ya kunna fitilarsa daga taka, taka ba ta raguwa. Gaskiya ne. Ƙwayayen nan na zamani ma ba su da ci, igiya guda ba ta shan wutar da ƙwai guda irin na dā ya kan sha. Amma fa kafin hasken ya zama kyauta, akwai wanda ya biya. In babu wutar gari sai a tā da janareto, ƙaramin nan da mutanen kudu suka laƙaba wa suna da Turanci, ma'anarsa "na fi maƙwabcina". Wanda ya raɗa sunan nan ya san zuciyar mutum! Haske ya tsaya a ƙofar mai shi, ƙara da hayaƙi su tsallaka katanga su sami mai jego da marar lafiya. Fetur kuma tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023, ya zama abin aunawa da cokali, kuma jarkar da ke ciyar da janareto ita ce mai ciyar da injin ban-ruwa. Bugu da ƙari Maulidi na 2025 a farkon Satumba ya faɗo, shinkafa ba ta nuna ba, aljihun manomi ba nauyi. Wanda ya ci bashi a kan amfanin da bai girbe ba don kada a ce ƙofar wane ta fi tasa, lalle ba jama'a ya yi wa kyauta ba, iyalinsa ya yi wa ƙwace.

Wani zai ce, "Haba Malam, talaka ba shi da rabo a cikin kyan gani? Sai mai kuɗi kaɗai zai yi ado?" Yana da gaskiya, ban kuwa raina maganarsa ba. Ba ciki kaɗai ke jin yunwa ba, ido ma na ji. Mutumin da ya shekara cikin taɓo har gwiwa, in ya ba 'ya'yansa dare bakwai na walwali da kuɗin guminsa, ba wanda ya isa ya ce ya yi ɓarna. Kuma sau da yawa mai cewa "riya ce" hassada ke cinsa. Na san wannan domin na taɓa kama kaina. Wata shekara na rataya tawa ina jin daɗi, kashegari na gaban gidana ya rataya wadda ta ninka ta. Sai na ji tawa ta dushe, alhali ko ƙwai guda bai mutu ba. Da hasken unguwa na ke so, ai da murna zan yi, gama unguwa ta ƙara haske. A nan na gane wa na kunna wa.

A wani ƙauye na ƙasar Bunkure na ga wani dattijo da ɗansa ya kawo masa fitila mai aiki da hasken rana don adon biki. Maimakon ya kafa ta bisa zaure, sai ya sa aka ɗaura ta a itacen da ke gefe, ta fuskanci 'yar gadar magudanar ruwa inda yara ke tsallakawa zuwa karatun dare. Ƙofarsa ta zauna cikin duhu. Ɗan ya ce, "Baba, ai haka ba wanda zai san tamu ce."

Tsohon ya ce, "Ni na san hanyar ɗakina."

Biki ya wuce, aka naɗe wayoyi aka zuba a kwali. Na sake bi ta wurin da kaka, ana sussukar shinkafa, na tarar fitilar na nan, mata biyu sun kafa kaskon awara a ƙarƙashinta.